Zuwa ga Bagobirin Agadas, a kan kunkurun nan mai suna Dukanku

Maraɗi, daren Laraba

Mutumina,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da uwargida da yara. Ya sanyin Agadas? Nan ma hunturu ya sauka, ƙura ta rufe gari har ba ka gane mai kabu-kabu sai ya cire rawani. Na san ka riga ka yanke mini hukunci, wata biyu ke nan da ka aiko murya ban ce uffan ba. Laifina ne, amma kai ma da naka. Wa ke cusa tambaya uku cikin saƙo guda na minti tara, ga injin niƙa yana ruri a bayansa? Sai da na saurara sau uku kafin na tsamo cewa ɗiyarmu ce aka ba 7 bisa 20 a kan tatsuniyar kunkuru ta littafin Chinua Achebe, kuma za ta sake tsayawa gaban aji bayan hutu.

Ka ce mushen nasu, wato malaminsu, ya zalunce ta. Ban ga takardar ba, amma in abin da ka maimaita mini shi ta rubuta, wato kunkuru Bature ne, tsuntsaye kuma baƙar fata, shi ke nan, to mushe bai ci amanarta ba. Ta kama hanya, sai ta zauna a gindin bishiyar farko. Ka miƙa mata wannan takarda, ka rufe da yatsa inda na zage ka.

Ta fara duba wane bugu ke hannunta. Chinua Achebe ya fitar da littafin da Turanci a 1958, sunansa Things Fall Apart. Da Faransanci fassara biyu ke yawo, tsohuwa ta 1966 mai suna Le monde s'effondre, wadda muka sha bulala a kanta, da sabuwa ta 2013, Tout s'effondre. Shafukansu ba su zo ɗaya ba, don haka ta riƙa ambaton babi maimakon shafi. Babi 25 ne, kashi uku: 1 zuwa 13 a Umuofia, garin Okonkwo jarumin littafin, 14 zuwa 19 zaman gudun hijira a Mbanta, 20 zuwa 25 dawowa. Tatsuniyar kunkuru tana babi na 11.

Tun da na san kai tun zamanin lise ba ka sake buɗe littafin da ba na bashi ba, bari in tuna maka. An yi yunwa, kunkuru ya yi wata biyu bai ci abin kirki ba, har jikinsa na ƙara cikin ƙoƙon bayansa kamar busasshen itace. Sai ya ga tsuntsaye suna kwalliya, an gayyace su biki a sama. Ya roƙi a tafi da shi, suka ce mun san halinka, ya ce ai ya tuba. Daɗin baki ya ci su, kowane ya cire gashi ɗaya ya ba shi, ya haɗa fukafukai biyu. A hanya ya ce musu akwai wata tsohuwar al'ada, in za a babban biki irin wannan kowa sabon suna yake ɗauka. Ba wanda ya taɓa jin ta, amma da yake shi mai yawon duniya ne, suka yarda. Shi ya ce sunansa Dukanku. Da aka kawo goro, aka sauke miya da zafinta cike da nama da kifi, ga sakwara, ga tulunan bammi, sai ya tambayi masu gida, wa aka dafa wa wannan? Suka ce, dukanku. Ya waiwaya ya ce kun ji, sunana aka kira. Ya cinye mai kyau, ya shanye tulu biyu, ya bar musu ƙashi. Kowa ya fizge gashinsa ya tafi. Ya roƙi a kai wa matarsa saƙo ta fito da duk abu mai laushi ta shimfiɗa a tsakar gida, duk suka ƙi, sai aku, wanda ya fi kowa jin haushi, ya ce zai kai. Ya je ya ce mata mijinki ya ce ki fito da duk abu mai tauri. Ta jero fartanya da adda da mashi da bindiga, har da igwa. Daga sama yana hango ta tana fito da kaya, amma nisa ya hana shi gane ko mene ne. Ya saki jiki ya faɗo, ƙoƙon ya tarwatse, wani babban boka ya tsince gutsattsarin ya liƙa. Shi ya sa bayan kunkuru yake faci-faci.

Ka gane ta ko? Gizo da hankaki ce ta kakarka, wadda take yi mana a Tibiri in mun je hutu. Yunwa, ɓaure a tsakiyar kogi, hankaki suka ara wa Gizo gashi, duk ɗan ɓauren da wani ya nufa sai ya ce shi ya fara gani, suka tuge gashinsu, ya faɗa ruwa wajen kadoji. Zanen aro ba ya rufe katara, mu da Inyamurai duk mun san haka. Ɗiyarmu ta ajiye wannan, zai yi mata amfani, zan dawo kansa.

Ga inda yara ke faɗuwa, har da manya masu digiri. Suna ciro tatsuniya daga cikin littafi kamar mai cire tsoka daga miya, su ɗora ta a faranti su ce ga ma'anarta. Alhali marubucin ƙagaggen labari bai sa ta don ya koya mana dalilin facin bayan kunkuru ba. Kafin a ce kunkuru wane ne, sai an duba bakin da ya faɗe ta, da kunnen da ya ji, da lokacin, da abin da ya biyo baya nan take. Duk amsoshin suna cikin shafi biyu zuwa uku na babin, ba a bukatar intanet.

Dare ne mai duhu ƙirin, wata bai fito ba. An ci sakwara da miyar shuwaka, fitilar manja na ci, Ekwefi matar Okonkwo da ɗiyarta Ezinma suna zaune a tabarma. Ekwefi ta haifi goma, tara sun mutu tun suna ƙanana, yawanci kafin shekara uku. Ezinma kaɗai ta tsaya, ta kai shekara goma, kuma kowa ya ɗauke ta ogbanje, abin da mu za mu ce 'yar wabi, mai zuwa ta koma. A babi na 9 aka ba mu labarin yadda boka ya sa ta nuna inda ta binne dutsenta, aka haƙa aka fito da shi a ƙunshe cikin tsumma, sannan a babin dai zazzaɓi ya kusa tafiya da ita. To ka saurari abin da yarinyar ta tambaya da kunkuru ya faɗo: ya mutu? Uwar ta ce a'a, ya farfashe ne, boka ya haɗa shi. Ka ga yarinyar da gari ke jiran mutuwarta tana tambayar uwar da ta binne tara, ita kuwa tana ce mata ana fashewa a tashi. Ni wannan ne ya fi kama ni a duk babin, kuma ban cika ganin ɗalibi ya lura da shi ba, don duk idonsu na can wajen neman Bature.

Sannan Ezinma ta yi ƙorafi, ta ce tatsuniyar ba waƙa. Yaranmu ma haka suke, tatsuniyar da ba a amshi a cikinta rabin tatsuniya ce. Ta fara tata, ta yi tuntuɓe a farkon, ta sake ɗaukowa, yunwa a ƙasar dabbobi kowa ya rame sai kyanwa. Ba ta kai ko'ina ba muryar Chielo ta tsaga dare. Chielo da rana bazawara ce mai yara biyu, rumfarsu ɗaya da Ekwefi a kasuwa, tana kiran Ezinma ɗiyata. In Agbala, abin bautar da take wa hidima, ya hau ta kuwa wata ce daban. Mu da muka taso a garin Iya, kai kuma a garin Inna, shugabannin bori, ba sai an yi mana bayanin mace mai fuska biyu irin wannan ba. Ta goya yarinyar ta shiga duhu da ita, uwar ta bi ta a baya har kogon dutse. Tatsuniya ta biyu ba ta taɓa samun ƙurunƙus ba. Ɗiyarmu ta faɗi wannan a aji: an gama labarin wanda ya faɗo ya rayu, aka katse na yarinyar a tsakiya, kuma mai karatu ya kwana bai san ko za ta dawo ba.

Af, kafin in manta. Mai shayin fadarmu ya ƙara aure, wai ya ce a gaya maka har yanzu akwai kofi goma sha ɗaya a littafinsa da sunanka. Amaryar 'yar Madarunfa ce, ta iya kifi, shi ya sa yanzu fada ke watsewa tun kafin shayi na uku. Dogo kuwa ya sake tsayawa takarar shugabancin ƙungiyar iyayen yara, a jawabinsa ya ce mu duka sau ashirin, ban san dalilin da ya sa na tuna kunkuru ba.

To mu koma. Bayan an san mai faɗa da mai ji, sai a zo gwajin kowace fassara, kuma hanyar gwajin ɗaya ce. A raba takarda gida biyu, dama a rubuta inda ta dace, hagu inda ta ƙi. Fassarar da hagunta ya fito fanko ba a yi mata bincike ba, mushe kuma zai gane da kallo ɗaya.

Ta Bature tukuna, tun da ita ɗiyarmu ta zaɓa. Damanta yana da kaya. Baƙo mai daɗin baki da ya roƙi a ba shi wuri, kamar yadda 'yan mishan suka roƙi fili a Mbanta a babi na 17 aka ba su mugun daji. Al'adar ƙarya da aka ƙaƙaba wa mutane suka karɓa don suna ganin mai faɗar ya fi su sanin duniya. Sauya suna, ga Nwoye ɗan Okonkwo ya koma Isaac. Ga kuma mutum ɗaya yana magana da sunan kowa yana ci shi kaɗai. Littafin ya fito shekara biyu kafin Najeriya ta samu 'yancin kai a 1960, don haka mai karatu na wancan lokaci zai iya ganin tsuntsaye masu karɓe gashinsu ya ji daɗi. Amma hagun ma ba shi da dama. Tsuntsaye sun san kunkuru ciki da waje, maƙwabcinsu ne, su kuwa mutanen Umuofia ba su san Bature ba, a ƙarshen babi na 8 ma raha suke yi ko akwai shi, suna kwatanta shi da kuturu. Abincin da kunkuru ya ci na mutanen sama ne, ba daga rumbun tsuntsaye ya fito ba. Babba duka, a cikin littafin Bature bai faɗo ba, kuma mutanen gari ba su haɗa kai sun karɓe komai ba.

Sai ta gwada Okonkwo, a nan aikin ya fi daɗi. Ubansa bai bar masa rumbu ba, da aro ya tashi: a babi na 3 ya je wurin Nwakibie aka ba shi irin doya 800, noman da kashi ɗaya cikin uku kawai ke zama na manomi. Ga gashin aro. Ya yi sama har ya shiga cikin manyan gari. Me ya fasa shi? Kayan gidansa, kamar kunkuru. Addarsa ta sare Ikemefuna, yaron da ya riƙe a gidansa har yana kiransa uba, a babi na 7. Bindigarsa, wadda ya taɓa harbin Ekwefi da ita ya kuskure, ita ta fashe wajen jana'izar Ezeudu a babi na 13 ta kashe ɗan mamacin mai shekara 16, aka kore shi shekara bakwai. Babi biyu kacal tsakanin faɗowar kunkuru da wannan. A babi na 24 kuma ya sare shugaban 'yan saƙon kotu a gaban taron gari, yana zaton hannun Umuofia duka ne ya ɗaga. Jama'a suka bar sauran huɗun suka tsere, ya ji ana tambayar me ya sa ya yi haka. Ranar ya ɗauki sunan Dukanku, kowa ya janye gashinsa ya bar shi a sama. Hagu kuma: kunkuru gwanin magana ne har aka naɗa shi kakaki, Okonkwo in'ina gare shi, in magana ta ƙi fita sai hannu. Kunkuru malalaci ne mai cin na wasu, Okonkwo guminsa yake ci. Kunkuru ya samu boka, Okonkwo ya rataye kansa, danginsa ma al'ada ta hana su taɓa gawarsa.

Akwai wanda kowa ke tsallakewa, aku. Ni da zan tsaya gaban aji da shi zan yi minti biyu cur. Faɗowa ba ta fasa kunkuru sai da aka juya saƙo a hanya. Ka duba littafin daga babi na 16, cike yake da masu kai magana. Tafintan mishan wanda harshensa ya bambanta, in zai ce ni kaina sai ya ce ɗuwawuna, gari ya yi ta dariya. A babi na 23 Bature ya ci Umuofia tarar buhu 200 na wuri kafin a saki manyansu shida, 'yan saƙon kotu suka je suka ce 250 ne, hamsin nasu. Kakanninmu sun ga irin wannan a hannun tafintocin kumandan, kowa a Maraɗi yana da labari ɗaya a gidansu. In tana son ta burge, ta kawo akun Magana Jari Ce na Abubakar Imam ta ajiye gefe: can aku ne ke riƙe ɗan sarki Musa da labarai don kada ya fita ya faɗa tarkon waziri, nan kuwa aku ne ya gina ramin. Tsuntsu ɗaya, makami ɗaya, wato baki.

Ka tuna tsohon mushenmu na Faransanci mai baƙin keken nan da muke kira dokin ƙarfe? Ya rasu bayan sallar layya, Allah ya jiƙansa. An yi jama'a ƙwarai, har su wane da ya kora daga aji sun zo. Keken na nan jingine a zaure, ɗansa ya ƙi sayarwa.

Sunan nan daga babi na 15 muka sato shi, kuma a can ne tatsuniyar da ta fi dacewa da zancen Turawa take. Obierika ya kai wa abokinsa Okonkwo ziyara da kuɗin doyarsa, ya ba da labarin garin Abame: Bature ya zo a kan dokin ƙarfe, suka kashe shi suka ɗaure keken a bishiya, bayan an kwana biyu aka zo ranar kasuwa aka buɗe musu wuta. Sai Uchendu, kawun Okonkwo, ya kawo ta shirwa. Ta aiki ɗiyarta neman abinci, ta ɗauko ɗan agwagwa. Me uwarsa ta ce? Ba ta ce komai ba, ta juya ta tafi. Mayar da shi, akwai abu a bayan shirun nan. Ta ɗauko ɗan tsako, kaza ta yi ta kururuwa da zagi, shirwa ta ce wannan mu ci. A lura da abu biyu. Dattijo ne namiji yake yi wa manyan maza tatsuniya a kan maganar yaƙi, a gaban Okonkwon da ke cewa tatsuniya shirmen mata ce. Kuma da wani ya ce Baturen bai ce komai ba kafin a kashe shi, Obierika ya gyara zancen, ya ce ya yi magana, su ne ba su ji harshensa ba. Ashe shirun ma rashin tafinta ne. Okonkwo kuwa darasin da ya ɗauka daban, shi a ganinsa wautar Abame ita ce zuwa kasuwa ba bindiga. Abin yana da tushe a tarihi: a 1905 an kashe wani likita Bature mai suna Stewart yana tafiya a keke a ƙasar Ibo, Ingilishi suka rama da sojoji. In tana neman misalin gida, ga ayarin Voulet da Chanoine na 1899, abin da suka yi a Birnin Ƙonni da Lugu, har sojojinsu suka kashe su a wajen Maijirgi kusa da Tasawa. Jimla ɗaya ta isa, kada ta mai da darasin adabi na tarihi.

In minti 15 aka ba ta, uku sun ishi tatsuniyar, kuma ta faɗe ta da ka, kada ta karanta. Yawancin yara a nan suke ƙone minti takwas, ƙararrawa ta kama su ba su fara sharhi ba. Uku ga daren Ekwefi da shigowar Chielo. Shida ga gwajin nan na dama da hagu, har da aku. Biyu ga Gizo da hankaki, ta nuna bambancin ma: Gizo tsamin baki gare shi, da ya faɗa ruwa sai ya ci gaba da damfarar kadoji, ba ya ɗauke da tabo, shi kuwa kunkuru kowa ya gan shi ya ga facinsa. Minti ɗaya ta bar shi don tuntuɓe. Ta rubuta lambobin babi a allo tun kafin ta buɗe baki, 3, 7, 9, 11, 13, 15, 23, 24, tana nunawa tana tafiya. Kada ta ce Achebe yana nufin kaza, don mushe zai ce a ina ya gaya miki. Ta ce babi kaza ya nuna kaza. In aka tambaye ta to wace fassara ce daidai, ta zaɓi ɗaya ta tsaya a kai, ta faɗi raminta da bakinta kafin a faɗa mata. Ni Okonkwo zan zaɓa, amma in ta riƙe Baturenta da hujja ba zan yi fushi ba.

Akwai ta sauro da kunne a farkon babi na 9, da ta ungulu da aka aika roƙon ruwa wajen sama aka ƙunsa masa cikin ganyen gwaza a babi na 7. Ta san da su ko da za a tambaya, amma kada ta ɗauko su, kaya zai yi mata yawa.

Hatsi ya sauko bayan girbi, tiya ta yi sauƙi, in za ka aiko a saya maka yanzu ne, kafin 'yan Jibiya su kwashe. Cukun da ka yi alkawari tun bara har yau yana hanya, ko aku ka ba saƙon? Na san akwai sauran tambaya biyu a muryar nan taka, ɗaya kamar ta shafi filin Zariya, ɗayar injin niƙa ya cinye ta. Ka sake aikowa, daga cikin ɗaki wannan karon. Ka gaida uwargida, ka ce wa ɗiyarmu ta turo mini hoton takardar mai 7 ɗin, gaba da baya, ina son ganin abin da mushe ya rubuta da jan biro.

Naka,
Bakatsinen da ya fi ka karatu